Yadda Ake Nazarin Wasan "Sarki Idifus" Ba Tare da an Zalunci Tauraronsa Ba

Wasan "Sarki Idifus" na Sofokilis, waɗanda Turawa ke rubuta sunayensu Oedipus da Sophocles, ba shi da tsawo. Layukansa 1,530 ne, mai karatu a natse zai gama shi a zama ɗaya. Amma da wuya a sami tauraron wasan ban tausayi da aka yi wa gurguwar fahimta kamarsa. Wasu sun ce mai girman kai ne da ya girbi abin da ya shuka. Wasu sun ce 'yar tsana ce a hannun gumakan Girkawa, ba shi da ta cewa. Wasu kuma ba su san shi ba sai ta bakin masana halayyar ɗan Adam. A ganina duk ukun sun kauce wa abin da ke rubuce a wasan, kuma matakan da ke biye hanya ce ta komawa gare shi.

Mataki na farko: raba abin da ya riga ya faru da abin da ake yi a dandamali

Kafin komai, ɗauki takarda ka raba ta gida biyu. A gefe guda rubuta abubuwan da suka faru kafin a soma wasan. An yi wa Layus, sarkin Tibis, albishir mara daɗi cewa ɗan cikinsa ne zai kashe shi. Da aka haifi yaron aka ɗaure masa idon sawu, aka ba wani makiyayi ya jefar da shi a dutsen Kitairon. Makiyayin ya ji tausayi, ya miƙa shi ga wani makiyayi daga Korinti, shi kuma ya kai shi ga Sarki Folibus da matarsa Merofi, waɗanda ba su da haihuwa. Yaron ya girma yana ɗaukarsu iyayensa. Wata rana a wurin liyafa wani da ya bugu ya goranta masa cewa shi ba ɗan gidan ba ne. Ya tafi Delfi, wurin bautar Afolo, don neman gaskiya. Ba a amsa masa abin da ya tambaya ba, sai aka ce masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Ya juya wa Korinti baya. A wata mararraba inda hanyoyi uku suka haɗu ya yi faɗa da wani dattijo da muƙarrabansa, bai san Layus ba ne, ya kashe su, sai mutum ɗaya da ya tsira. Ya isa Tibis, ya warware kacici-kacicin dodanniyar da ta addabi garin, aka naɗa shi sarki, aka aura masa Jokasta, matar marigayi Layus, suka haifi 'ya'ya huɗu.

A ɗaya gefen rubuta abin da 'yan kallo ke gani da idonsu. Za ka tarar bai wuce yini guda ba, kuma duk bincike ne: annoba ta faɗa wa gari, sarki ya tashi neman musabbabinta, ya kira shaidu ɗaya bayan ɗaya, har binciken ya ƙare a kansa.

Wannan takardar ita ce ginshiƙin nazarinka duka. Kisan uba da auren uwa suna gefen farko, an yi su shekaru da dama kafin a buɗe fage. Abin da Sofokilis ya zaɓa ya nuna shi ne yadda mutum ya gano. Duk wanda ya cakuɗa gefen biyu zai ƙare yana shari'ar laifin da ba a aikata a gabansa ba, ya bar aikin da ake yi a gabansa.

Mataki na biyu: san wurin da aka fara nuna shi

Ba sai ka zama masanin tarihi ba, amma akwai abubuwa kaɗan da za su hana ka kuskure. An nuna wasan a birnin Atina, a dandamalin Diyonisos da ke gangaren kudu na tsaunin Akrofolis, cikin gasar da ake yi shekara-shekara, inda marubuta uku ke fafatawa. Yawancin manazarta suna sanya shi a wajejen shekarar 429 kafin Miladiyya. Annoba mai tsanani ta ɓarke a Atina a 430, ta kuma ci shugabansu Ferikilis a 429. Idan wannan lissafin ya yi daidai, mutanen da suka zauna kallon garin da ke mutuwa a fitowar farko sun binne nasu ba da daɗewa ba. Sofokilis bai ma zo na ɗaya ba a wannan gasar, wani mai suna Filokilis ne ya doke shi.

'Yan wasa masu magana uku ne kacal, duka maza, sanye da fuskokin da aka sassaƙa, suna canza su don su fito a matsayin mutane daban-daban. Akwai 'yan amshi 15 masu waƙa da rawa, a nan dattawan Tibis ne. Ba a nuna zubar da jini a fili, manzo ne ke fitowa ya ba da labari. Kuma 'yan kallo sun san labarin tun kafin su zo. Don haka kada ka karanta shi kana jiran a ba ka mamaki a ƙarshe.

Mataki na uku: tsaya a fitowar farko, ka ga yadda aka gabatar da shi

Mutane da yawa suna wuce wannan wurin da sauri don su kai ga rikici. Kada ka yi haka. Marubuci yakan kafa hukuncin da yake so ka fara da shi a nan. Jama'a sun taru a ƙofar fada, yara da tsofaffi, da wani limamin bautarsu a gaba. Idifus bai aiko da ɗan saƙo ba, da kansa ya fito, yana kiransu 'ya'yansa. Ya ce kowannensu ciwon kansa yake ji, shi kuwa yana jin na gari duka. Kafin su roƙe shi ma ya riga ya tura surukinsa Kiriyon zuwa Delfi. Da Kiriyon ya dawo ya nuna ko a shiga ciki a yi maganar a keɓe, Idifus ya ce a faɗa a gaban kowa. Limamin kuma ya fayyace cewa ba su ɗauke shi abin bauta ba, sun ɗauke shi na farko a cikin mutane.

Rubuta waɗannan. Su ne ma'aunin da za ka auna duk zargin da zai biyo baya.

Mataki na huɗu: bi sawun wanda ya san me, kuma yaushe

A karatu na biyu, riƙe alƙalami ka yi alama a duk inda wani ya fahimci gaskiya. Tiresiyas, makahon mai duba, ya sani tun kafin ya shigo. Tsohon makiyayin, wanda shi ne ya tsira a mararrabar, ya sani tun ranar da ya dawo ya ga wanda ke kan karaga, shi ya sa ya roƙi Jokasta ta tura shi daji kiwo, nesa da gari. Jokasta ta gane a lokacin da manzon Korinti, wato makiyayin nan na biyu, ke bayanin yadda ya karɓi jariri. Idifus ne na ƙarshe.

Da wannan a hannu, maganganunsa za su riƙa yi maka amo biyu. Lokacin da ya tsine wa makashin Layus, ya hana kowa ba shi masauki ko yi masa magana, kansa yake tsinewa. Lokacin da ya ce zai yi wa Layus yaƙi kamar ubansa ne, gaskiya ya faɗa bai sani ba. Amma ka kula, wannan ba ya nuna wauta. Da abin da ya sani a lokacin, kowace magana tasa daidai take.

Akwai wani zare da nake so ka bi musamman. Wanda ya tsira daga mararrabar ya ce 'yan fashi ne da yawa suka kashe Layus. Idifus ya rataya fatansa duka a kan wannan, domin mutum ɗaya ba ya zama da yawa. Don haka ya sa a kira makiyayin. Amma da makiyayin ya iso, ba wanda ya ƙara tambayarsa adadin maharan. Tambayar ta riga ta sauya daga wa ya kashe sarki zuwa ni ɗan waye. Gano wurin da ta sauya, ka yi masa alama, domin nan ne ƙashin bayan zubin wasan.

Mataki na biyar: gurfanar da zargin girman kai, ka saurari ɓangare biyu

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Masu cewa halinsa ne ya ja masa suna da hujjoji uku, kuma bai kamata ka yi watsi da su ba.

Ta farko ita ce mararraba. Karanta yadda shi kansa ya ba da labarin. Yana tafe a ƙasa, ayarin ya nemi ture shi daga hanya da ƙarfi. Ya bugi mai jan keken dokin. Dattijon da ke ciki ya daidaici kansa ya kwaɗa masa sandar kora mai baki biyu. Shi kuma ya rama, ya wuce gona da iri, ya kashe su. Zafin zuciya ne, babu shakka. Amma ba shi ya fara ba, shi kaɗai ne a kan mutane da yawa, kuma babu wani a cikin wasan, ko Tiresiyas ko 'yan amshi, da ya ce laifinsa shi ne faɗa a hanya. Abin da ya mai da kisan abin ƙyama shi ne ko wanene mamacin, wannan kuwa bai sani ba.

Ta biyu ita ce cin mutuncin da ya yi wa Tiresiyas. Sa kanka a matsayinsa. Mutane na mutuwa, an kawo wanda ake kyautata zaton ya san makashin, ya ce ya sani amma ba zai faɗa ba, a bar shi ya koma gida. Da aka matsa masa sai ya nuna sarki da yatsa, ba tare da hujja ko ɗaya ba. Wane shugaba ne zai ce to, na yarda? Idifus ya san kansa a matsayin ɗan Folibus wanda bai taɓa ganin Layus ba.

Ta uku ita ce ta fi ƙarfi: zargin da ya yi wa Kiriyon na haɗa baki da mai duba don ƙwace mulki, har ya nemi ransa. A nan ya yi zalunci, kada ka wanke shi. Sai dai ka lura da abu biyu. Da Jokasta da dattawa suka roƙe shi ya janye, duk da yana ganin hakan na iya zama halakarsa. Sannan wannan rigimar ta zo ne shekaru bayan aukuwar abin da aka yi hasashe. Ba yadda za a yi hukunci ya riga laifi zuwa.

Daga nan duba abin da masanin falsafar Girka Aristotul ya faɗa a babi na 13 na littafinsa kan fasahar waƙa da wasa, inda ya kawo Idifus a matsayin misali. Ya ce tauraron da ya fi dacewa shi ne wanda bai kai ƙololuwar nagarta ba, amma faɗuwarsa ba ta zo ta hanyar mugunta ba, sai ta wani babban kuskure. An daɗe ana koyar da wannan kuskuren kamar aibi ne a hali. A wajen Idifus kuskuren a fili yake: bai san iyayensa ba. Wani malamin Girkanci na Jami'ar Oxford, E. R. Dodds, ya rubuta maƙala a 1966 kan yadda ake yi wa wannan wasa mummunar fahimta, kuma ƙa'idar da ya tsaya a kai tana da amfani ga kowane manazarci: abin da wasan bai ambata ba, kada ka gina hukunci a kansa. Masu cewa ai da ya guji faɗa da duk wanda ya girme shi, ya ƙi auren duk macen da ta girme shi, suna kawo tambayar da Sofokilis bai buɗe mata ƙofa ba.

Mataki na shida: auna maganar ƙaddara da ma'aunin wasan

Ajiye abin da ka yi imani da shi game da ƙaddara na ɗan lokaci, ba don ka bar shi ba, sai don ka ji abin da Bagirken ke faɗa a cikin duniyarsa. Fara da lafazin hasashen. A wasan Sofokilis ba shi da sharaɗi, an ce zai faru ne kawai. A wani wasa na Eskilus, wani marubucin Girka, kan wannan gida, an gargaɗi Layus cewa idan ya mutu bai haihu ba garin zai tsira, ya ƙi ji. Sofokilis ya cire wannan sharaɗin daga nasa. Da yana son ya nuna zunubi da sakayya, ga hanya nan a buɗe, amma bai bi ta ba.

Sannan koma kan takardarka mai gida biyu. Hasashen ya shafi gefen farko ne kaɗai. Babu inda Afolo ya ce Idifus zai binciko kansa, kuma babu gunki ko ɗaya da ya fito a dandamali ya tilasta masa wani abu. Yanzu ƙirga wuraren da aka ba shi damar tsayawa. Tiresiyas ya ce a bar maganar. Jokasta ta ce ya daina kula masu duba, daga baya ta roƙe shi da girman abin da suke bauta wa ya bar tonon asalinsa. Makiyayin ya yi ta noƙewa har sai da aka murɗe masa hannu. A gaɓar ƙarshe makiyayin ya ce ya zo bakin abin da ke da ban tsoron faɗa, Idifus ya amsa cewa shi ma ya zo bakin abin da ke da ban tsoron ji, amma dole ya ji. A wannan lokacin ya riga ya hango inda aka dosa.

Wannan shi ne mutumin da nake ganin Sofokilis ya rubuta. Halayen da suka sa ya ceci Tibis daga dodanniya, wato kaifin basira da ƙin barin tambaya a buɗe da ɗaukar nauyin jama'a, su ne suka kai shi ga rushe kansa. Ya yi alkawarin fito da makashin ko da a gidansa yake, ya kuma cika. Kowa a kusa da shi ya gwammace a rufe, shi kaɗai ya ƙi.

Mataki na bakwai: sa Freud a muhallinsa

A littafinsa kan fassarar mafarki, wanda ya fito a ƙarshen 1899, masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya kawo labarin Idifus don bayyana wata sha'awa da ya ce tana ɓoye a zuciyar yaro game da iyayensa. Wannan magana ce kan 'yan kallo da dalilin da ya sa labarin ke taɓa su, ko ka yarda da ita ko ka ƙi. Ba bayanin tauraron ba ne. Idifus na wasa ya bar gida da gadon sarauta don kada ya cuci waɗanda ya ɗauka iyayensa. Ambaci Freud a nazarinka idan ya zama dole, ka wuce.

Mataki na takwas: kada ka ɗauki 'yan amshi bakin marubuci

Akwai waƙar da suke cewa girman kai ne ke haifar da azzalumin sarki, kuma ita ce masu zargin Idifus suka fi jawowa. Duba inda ta zo. Ta biyo bayan Jokasta ta yi watsi da hasashen Delfi, dattawan suna cikin fargabar cewa idan maganar Afolo ta faɗi ƙasa, addininsu duka ya faɗi. Ba su ambaci sunan Idifus ba, kuma manazarta sun daɗe suna saɓani kan wanda ake nufi. Su dai waɗannan dattawan ne, jim kaɗan kafin asiri ya tonu, suke rera waƙar murna suna hasashen ko sarkinsu ɗan wani abin bauta ne. Mutanen gari ne masu tsoro da fata, suna kuskure kamar kowa. Ga kowace waƙa tasu, tambayi abin da suka gani yanzu-yanzu da abin da suke tsoro. Bayan gaskiya ta bayyana ma, ba su ce ya cancanci abin da ya same shi ba. Sun tuna cewa shi ne ya zame musu garkuwa, suka yi kuka da shi.

Mataki na tara: karanta makancewar da idon basira

Jokasta ta rataye kanta. Idifus ya zare ƙugiyoyin zinariya da ke riƙe da tufarta ya tsokale idanunsa. Mai karatu zai tambaya, in ba shi da laifi, don me? Amsar tana cikin bambancin da Girkawa ke yi tsakanin laifi da dauɗa. Dokar Atina ta bambanta kisan ganganci da na kuskure, amma a aƙidarsu jinin uba da shimfiɗar uwa suna ƙazantar da mutum ko ya sani ko bai sani ba, kuma dauɗar tana shafar gari. Shi kansa ya ba da dalilinsa: da wane ido zai kalli ubansa da uwarsa a lahira, ko 'ya'yansa, ko garin?

Da dattawa suka tambaye shi wane abin bauta ne ya ingiza shi, ya raba amsar biyu. Ya ce Afolo ne ya kawo waɗannan masifu, amma hannun da ya soki idanun nasa ne, ba na kowa ba. Wannan rabon ya yi daidai da takardar da ka fara da ita. Ka kuma lura cewa bai koma gefe ya yi shiru ba. Yana neman a kore shi kamar yadda ya yi tsinuwa, yana ba da umarnin yadda za a binne Jokasta, yana roƙon Kiriyon ya riƙe 'ya'yansa mata, Antigoni da Ismeni, yana lissafa irin wulaƙancin da za su fuskanta idan sun isa aure. Har sai da Kiriyon ya tuna masa cewa mulki ya bar hannunsa. Wasan bai nuna an kore shi ba, an shigar da shi gida ne ana jiran abin da Delfi za ta ce.

Mataki na goma: rubuta naka

Zaɓi magana ɗaya da za ka kare, wadda wani zai iya musantawa. Kafa ta da fitowa uku ko huɗu, kana nuna wanda ya yi magana da abin da ya sani a lokacin. Kawo hujja mafi ƙarfi da ke gaba da kai, wato rigimar Kiriyon idan kana kare Idifus, ka amsa ta da gaskiya. Idan da hali gwada fassara biyu, domin masu fassara sukan ƙara wa Idifus zafi ko su rage masa gwargwadon fahimtarsu. Yi hattara da layukan ƙarshe, inda ake cewa kada a kira kowa mai sa'a sai an ga ƙarshensa. Wasu masana suna shakkar ko Sofokilis ne ya rubuta su, don haka kada ka ɗora jigon wasan duka a kansu.

Idan ka gama, karanta "Idifus a Kolonos", wanda Sofokilis ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa, aka nuna shi a 401 kafin Miladiyya, bayan rasuwarsa. A can tsohon makaho yana kare kansa a fili cewa abin da ya yi cikin rashin sani ya yi shi. Amma wasannin ba jeri ɗaya ba ne, akwai shekaru masu yawa tsakaninsu, kuma wasansa "Antigoni" ma ya riga su duka fitowa. Kawo shi a matsayin ƙarin haske a sakin layi ɗaya, hujjojinka kuwa su fito daga cikin "Sarki Idifus" kansa.